Hannun Umai Ene a Jikin Jikana

Tun da na dawo ba a bar ni na sha kunu da zafinsa ba. Wannan ta shigo, "Hajiya Tabawa, wai da gaske doki suke ci?" Waccan ta leƙo, "Wai an ce sama suke yi wa sujada?" Har 'yan uwana na Nariya sun cika mota sun zo Rano jin labari. Bakina ya gaji da maimaici, shi ne na ce da maƙwabciyata Malama Sa'a ta Islamiyya ta ɗauko biro da takarda. Ni ban yi boko ba, allo ma iyakacina abin salla, amma abin da idona ya gani ba ya zubewa. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara min baki.

Wanda bai san ni ba, ni ungozoma ce. Masu gemun da ke wuce ni a kan babur yanzu, da yawansu ni na yanke musu cibi. In haihuwa ta zo da gardama a unguwarmu, cewa ake a kira Tabawa, ni kuwa in na fito daga ɗakin sai in ɗaga tafina in ce, "Hannun nan bai taɓa kunyata ni ba." Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Autana shi ne ya tafi karatun likita wata ƙasa da ake kira Kirgizistan, can gaba da ƙasar Turkawa. Ya gama, ya kama aiki, sai ga waya wai ya ga matar aure, sunanta Aigul. Lokacin kuwa ana cikin zafin shari'a a Kano, kowa ya zama mai bincike. Ƙanena Malam Habu, mai makarantar allo a Kibiya, ya zo ya ce ya ji mutanen wannan yanki Musulmi ne a baki, amma suna da wasu iyayengiji na kakanni da ba su saki ba. Na ce da Auta a waya, "Ka yi aurenka tunda ka nace. Amma bakina ba zai sa masa albarka ba sai na ga abin da suke bauta wa da idona." Shekara uku ina kan wannan. In ya kira mu gaisa, in ya ce ga ta za ta gaishe ni, sai in ce wayar ba ta ji.

Sai da cikinta ya tsufa Auta ya taso da kansa har Rano. Ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya ce, "Inna, kin ce sai kin gani. Na zo in kai ki ki gani. Kada ɗana ya zo duniya babu albarkarki." Na yi kwana biyu ina juya maganar. A na uku na aika a sayo min kanwa ungurnu, na shanya ganyen darbejiya na wankan jego.

Malam Habu ya raka mu tasha. Ya matso ya ce, "Yaya, abu ɗaya zan gaya miki. Duk abin da ba ki gane ba, kada ki ce masa amin."

Na ce, "Habu, ni na goya ka. Ka taɓa ganin an yi min wayo?"

Muna Abuja muna jiran biza aka bugo cewa ta sauka, namiji. Auta yana tsalle kamar ba likita ba, ni kuwa murna na yi, amma ba ta cika ba. 'Ya'yan mutane duk sun faɗo a tafina, nawa jikan sai wata can ta karɓe shi. Ranar suna ma muna hanya. Aka sa masa sunan marigayi maigidana, don haka ni Mai Gida nake ce masa.

Jirgi ba baƙona ba ne, na je Makka. Amma filin jirgin Santambul gari ne guda. Wata ma'aikaciya ta turo min keken marasa lafiya, na ce da Auta ya gaya mata ni da ƙafata na yi safa da marwa. Kafin mu kai ƙofar shiga jirginmu na yi nadama, amma ban faɗa ba. Daga nan wani jirgin ya kai mu babban birninsu, Bishkek. A nan ne kare ya zo ya dinga shinshinar jakata, ni ina ja da baya saboda tufafin salla. Aka buɗe, aka ciro kanwa. Ma'aikacin ya juya ta, ya dube ni, ya kira na gaba da shi. Auta yana ta zuba musu yare, gumi na keto masa. Na ga abin zai yi tsawo, sai na dubi wata mace a cikinsu, na rungume hannuwana kamar mai rarrashin jariri, na nuna ƙirjina, na yi kamar ina dama kunu. Matar nan ta tuntsire da dariya, ta faɗa musu wata magana, ta ɗaure min kanwata da hannunta. Daddawa ce kawai ba su yarda da ita ba. Allah ya sa wani ya yi miya da ita.

Garin surukan nawa sunansa Narin. Da na ji haka na ce, "Ashe gida zan je, ni 'yar Nariya." To ba gida ba ne. Yini muka yi a mota muna hawan duwatsu waɗanda dutsen Rano in an kai shi can sai dai a yi murhu da shi. Wai lokacin zafinsu ne, amma zani uku na ɗaura. A hanya muka tsaya wajen wani marmaro, na ga bishiya an ɗaure ta da tsummoki kala-kala tun daga ƙasa har inda hannu ke kaiwa. Direban ya wanke fuska, ya shafa. Na ce, "Auta, wannan fa?" Ya ce, "Ado ne, Inna." Na dube shi. Tun yana yaro in zai yi ƙarya kunnensa yake sosawa. Yana sosawa.

Muka isa da la'asar. Wata tsohuwa mai farin ɗankwali da haƙoran zinariya ta fito ta rungume ni kamar mun yi shekaru da sabo. Ita ce uwar yarinyar, sunanta Burul, kowa na ce mata Apa, wato uwa. Bayanta ga wata siririya fara riƙe da jariri, ta durƙusa har ƙasa, ta ce da Hausa tiryan-tiryan, "Sannu da zuwa, Inna. Ina gajiya?" Ashe shekara ukun nan da nake cewa waya ba ta ji, ita tana nan tana koyon harshena. Na ce, "Ba gajiya, A'i." Sunan nata ya fi ƙarfin bakina, A'i na sa mata, shi ya bi ta. Ta miƙo min Mai Gida. Hancin gidanmu ne sak. Na ce, "Kai, ka ƙi jirana ko? Za mu haɗu."

Abinci kam sai godiya. Ƙasa ake shimfiɗa babban mayafi a cika shi da burodi da wani abu kamar fanke. Shayi sai a zuba maka ɗan kaɗan a gindin kwano. Na ce a raina mutanen nan da rowar ruwan zafi suke. Daga baya na ji cika kwano a wurinsu kora ce, wai sha ka tashi. Na ga wasu fararen dunƙule a faranti, na ce alhamdu lillahi, har da fura. Na sa a baki. Jama'a, gishiri ne da tsami, ga tauri kamar tsakuwa. Nono ne suke busarwa. Da Fulanin Madachi za su ga abin da ake yi wa nono a can, da sun yi kuka. Doki kuwa gaskiya ne suna ci, har nonon goɗiya suna sha. Ni dai na ce a bar ni da rago, kuma ba wanda ya matsa min.

Da aka gama ci, mijin Apa ya ɗaga hannu ya dube ni ya ce, "Bata." Kowa ya ɗaga hannu yana dubana. Na ce, "Auta, me na ɓata? Yanzu fa na zo."

Ya ce, "Ba ɓata ba, Inna, bata. Fatiha ce a bakinsu. Babban baƙo shi ke sa wa gida albarka. Ke suke jira."

Ga abin da na hana shekara uku an zo ana roƙona a gaban jama'a. Na tuna bishiyar tsummoki, na tuna Habu. Na ce, "Ka ce musu na gaji." Tsohon ya yi addu'ar da kansa, suka shafa suka ce omin, kamar dai mu. Hannuna yana kan cinyata. A'i ta sunkuyar da kai tana tattara kwanuka, ban ga fuskarta ba.

Kwana uku ina lura. Apa tana salla, na gani da idona, har da carbi. An yi wa yaro kiran salla a kunne, Auta ya rantse min. Na dafa ruwan darbejiya na yi wa A'i wanka, ta sha kunun kanwa tana yamutsa fuska tana cewa da daɗi. Amma akwai wani suna da ke yawo a gidan. In Apa za ta shafe yaro da kitsen jelar rago, sai ta yi ƙus-ƙus, in ji "Umai Ene". In ya yi murmushi cikin barci, matan su ce "Umai Ene". Na tambayi Auta, ya ce addu'a ce, yana sosa kunne. Ni kuwa na gama lissafina. Na ce wannan ita ce babbar ungozomar garin, wadda ta karɓi haihuwar. To wace irin mace ce, kullum ana ambatonta, ba ta taɓa zuwa duba mai jego ba? A Rano in na karɓi haihuwa, sai na yi sati ina zarya.

Rana ta huɗu da hantsi ina yi wa Mai Gida wanka, na kifa shi a cinyata, ga wani shuɗin tabo a saman ɗuwawunsa. Na san irinsa sarai, yaranmu da yawa da shi suke zuwa, ya ɓace da kansa. Sai A'i ta nuna shi tana murmushi ta ce, "Umai Ene. Ta buga shi. Hannu."

Da ta ce duka ne, sai na ga kamar har da shatin yatsu. Na naɗe yaro na miƙa mata, na yafa mayafina, na ƙwala wa Auta kira.

"Tashi ka kai ni gidan Umai Ene."

"Inna, gidan wa?"

"Ka ji ni. Matar da ta yi wa jikana wannan dukan. Jariri in bai yi kuka ba tafin ƙafa ake ɗan murza masa, ba a jibgarsa kamar jaki. Wa ya koya mata aiki? Kuma ta san ta yi laifi, shi ya sa ta ƙi zuwa. Yau sai na ga idonta."

Auta ya zauna a bakin gado. Wannan karon bai sosa kunne ba. Ya ce, "Inna, ba ta da gida. Ba mutum ba ce."

Ya warware min duka. Ya ce kafin Musulunci ya zo musu, kakanninsu suna da Tengiri, shi ne ubangijin sama shuɗiya. Akwai Erlik a ƙarƙashin ƙasa wanda matattu ke zuwa wurinsa. Wuta tana da uwarta, shi ya sa amarya ke jefa kitse a murhu ranar da ta tare. Ƙasa da ruwa suna da masu su, su ake ɗaura wa tsummoki a marmaro. Ita kuwa Umai Ene, ita ce uwar jarirai, ita ke tsaron mai ciki da abin da ta haifa. Wai jariri ba ya son fitowa duniya, sai ta ɗan make shi ta ce je ka, shi ne tabon. Ya ce can arewa da su, a ƙasar ƙanƙara da ake kira Sibiriya, akwai dangoginsu da har yau suke watsa musu madara a fili. Su nan sunayen ne suka rage a bakin tsofaffi.

Na ce, "Kai ka san da haka, ka ce min ado, ka ce min addu'a."

Ya ce, "Na ji tsoro, Inna."

Na shiga ɗaki na fara haɗa kayana. Habu ya yi gaskiya. Na zo na gani, sai in koma da albarkata a bakina. Amma ina ninke zani hawaye na zuba, don na riga na saba da nauyin yaron nan a cinyata.

Bayan azahar Apa ta shigo da butar shayi, A'i da Auta a bayanta. Ta dubi jakata, ta zauna, ta zuba min ɗan kaɗan a gindin kwano. Ta ce Auta ya fassara, kuma ta ɗaga masa yatsa, wai kada ya rage ko kalma.

Na riga ta. Na ce, "Tambaye ta, Umai Ene take yi wa salla?"

Ta kama baki ta ce, "Astagfirulla." Wannan ban nemi fassara ba.

Na ce, "To me take cewa in ta taɓa yaron?"

Ta faɗa a hankali, Auta ya juya min: "Ba hannuna ba ne, hannun Umai Ene ne."

Ta ce ita ma ta karɓi haihuwa da yawa a rugagensu na kan dutse, lokacin da asibiti yake da nisan yini a kan doki. Kakarta ce ta koya mata aikin, tare da wannan kalma. Ta buɗe tafukanta ta ce, "Yara biyu sun mutu a nan. Da na ce hannuna ne ke rayawa, da dole in ce hannuna ne ya kashe, da ban sake taɓa jariri ba. Ko akwai Umai, ko babu, Allah ne ya sani. Limaminmu ya ce in daina, ya fi ni gaskiya. Amma in na ɗauki jariri ina jin tsoron in ce ni ce. Sai bakina ya faɗi abin da kakata ta faɗa."

Sai ta tambaye ni, "Ke me kike cewa in kin fito daga ɗakin haihuwa?"

Auta ya san amsar. Ya dubi ƙasa. Ni ma na san ta.

Akwai wata yarinya a Zinyau, shekarun baya, da na kwana biyu a kanta, ita da ɗan duka suka tafi. Ranar ban ɗaga tafina ba, cewa na yi kwana ya ƙare. Wato in an rayu hannuna ne, in an mutu ikon Allah ne. Ban taɓa jin munin wannan maganar ba sai a ɗakin nan, a gaban matar da na zo kamawa da shirka. Ita ta ba wa wadda babu ita abin da ba nata ba. Ni kuwa na ɗauki na Allah na sa a tafina, ina nuna wa mutane.

Na tuna kuma kakata a Nariya, mai salla da azumi, amma in an yi haihuwa sai ta faki ido ta zuba nono a gindin tsamiya wai na Inna uwar iskoki. Mun daina wannan, alhamdu lillahi. Amma ba wanda ya taɓa cewa zuriyarta ba ta cancanci albarka ba.

Na sha shayin. Ta ƙara min.

Washegari aka yi bikin sa yaro a gadonsa. Wani ɗan gadon katako ne mai lilo, an huda ƙasansa saboda fitsari, ana ɗaure jariri a ciki tamau. Ashe tun kafin mu iso ya kamata a yi, Apa ta hana, ta ce sai kakarsa ta wajen uba ta zo, ita za ta sa shi. Mata suka cika ɗaki. Aka kewaya gadon da hayaƙin wani itace mai ƙamshi. Sai na ga Apa ta zaro 'yar wuƙa ta tura ƙarƙashin matashin yaron. Na yi dariya har na riƙe ciki. Na kwance bakin zanina na fito da tawa, wadda na ɗauko tun daga Rano don wannan aikin, na ɓoye kada su ce ni baƙauyiya ce. Matan suka ɗauki shewa irin tasu. Apa ta ce da Auta ya tambaye ni ko limaminmu ya san da wannan. Na ce ya gaya mata ta bar tone-tone.

Aka miƙo min Mai Gida. Kowa yana jiran kalmar da aka saba. Na ce bismilla, na kwantar da shi, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ba hannuna ba ne. Ikon Allah ne." A'i ce ta fassara musu da kanta. Apa ta shafa fuska ta ce omin. Da ta zo ɗaure igiyar gadon na ga leɓenta yana motsi, na san abin da take faɗa. Ban ce amin ba, ita ma ba ta nema ba.

Da aka ci aka ƙoshi, tsohon ya ɗaga hannu ya dube ni, a ɗarare wannan karon. Bai ƙarasa cewa bata ba na ɗaga nawa. Na kira A'i ta matso kusa da mijinta. Na ce Allah ya yi wa aurenku albarka, wadda na riƙe shekara uku da wadda ke gaba. Allah ya raya Mai Gida a kan Musulunci. Allah ya saka wa gidan nan da ya karɓe ni ina ɗaure da fuska. Na yi ta yi har Auta ya daina fassarawa, ya koma share hawaye. Suka ce omin, na ce amin.

Sai da aka yi arba'in na taho. Apa ta cika min jaka da dunƙulen nonon nan, duk wanda bai yarda da labarina ba ya zo in ba shi ɗaya.

Malam Habu ya zo taryata. Ya ce, "Yaya, kin ga iyayengijin nasu?"

Na ce, "Na ji sunayensu. Ɗaya ma har na yafa mayafi zan je gidanta faɗa."

"Ba ki dai ce amin ba?"

"Inda ban gane ba ban ce ba. Inda na gane na ce."

Sati biyu da dawowata aka kira ni gidan Alhaji Sule mai shayi, matar ɗansa tana kan gwiwa tun asuba. Kafin azahar ta sauka lafiya, mace. Na juya jaririyar, ga shuɗin tabo a ɗuwawunta, na yi dariya ni kaɗai. Da na fito mata suka taso, uwar mijin tana cewa, "Hannunki dai, Hajiya Tabawa, hannunki!" Har tafina ya fara tashi da kansa, don ya saba. Na mayar da shi cikin mayafi, na ce su ba ni ruwa in wanke.